Rumfar Wa Za Ka Kama? Marubuci Mai Zaman Kansa Da Zaɓen Dandalin Wasiƙa

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan wata hanyar isar da rubutu ga masu karatu ta bunƙasa ƙwarai, musamman a Amurka da Turai. Hanyar kuwa ita ce marubuci ya riƙa aika rubutunsa kai tsaye zuwa akwatin imel na duk wanda ya yi rajista da shi, ba tare da ya bi ta hannun editan jarida ko kamfanin ɗab'i ba. Wasu kyauta suke bayarwa, wasu kuma sai an biya kuɗin wata ko na shekara. Ita ce zan riƙa kira wasiƙar marubuci a cikin wannan maƙala. Da yawa daga cikinmu da ke karatu a ƙasashen waje mun fara irin wannan rubutu, ko kuma muna shirin farawa. Wani kan tattalin arziki yake son yi, wata kan lafiyar mata da yara, wani kuma kan tarihi ko adabi.

Duk wanda zai fara, tambayar farko da zai ci karo da ita ita ce: a wane dandali zan buɗe? Akwai Substack, akwai Ghost, akwai Beehiiv, akwai Kit, akwai Mailchimp da sauransu. Galibi ana amsa wannan tambaya ne kamar yadda ake amsa ta sayen wayar hannu, wato a duba wanne ya fi araha, wanne ya fi sauƙin aiki. Ni kuwa a ganina akwai wata tambayar a ƙarƙashinta wadda ta shafi ɗabi'a da haƙƙi. Shin marubuci yana da alhaki a kan abin da mai dandali yake yi da sauran mutanen da ya ba masauki? Shin adireshin masu karatu dukiyar marubuci ce ko ajiya ce a hannunsa? Kuma mutumin da ya kira kansa mai zaman kansa alhali a gidan wani yake zaune, ina iyakar zaman kan nasa? Waɗannan abubuwa uku nake so mu tattauna.

Yadda kasuwar take

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san yadda kuɗi ke yawo a wannan harka, domin a nan ne alhaki yake fara ƙulluwa. An kafa Substack a shekarar 2017 a Amurka, mutum uku ne suka kafa shi: Chris Best da Hamish McKenzie da Jairaj Sethi. Buɗe wasiƙa a cikinsa kyauta ne, kuma ko masu karatunka sun kai dubu nawa ba za ka biya ko sisi ba matuƙar kai ma kyauta kake bayarwa. Amma ranar da ka fara karɓar kuɗi, kamfanin zai riƙa cire kashi 10 cikin 100 na abin da aka biya ka. Bayan wannan kuma akwai kamfanin Stripe, wanda ta hannunsa kuɗin ke bi, shi ma yana cire nasa, wanda a Amurka ya kama kashi 2.9 cikin 100 da kuma santi 30 a kan kowane biya.

Bari mu yi lissafi mai sauƙi. A ce marubuciya tana da mutum 500 da kowannensu ke biyan dala 5 a wata. Jimla dala 2,500 ke nan. Mai dandali zai ɗauki dala 250 duk wata, wato dala 3,000 a shekara. Idan masu biya suka ninka, rabonsa ya ninka, alhali aikin da yake yi mata bai canja sosai ba.

Ghost kuwa wani tsari ne daban. John O'Nolan ne ya jagoranci kafa shi a 2013, gidauniya ce da ba ta neman riba take riƙe da shi, kuma manhajarsa a buɗe take, kowa na iya ɗauka ya girka a kan sabar da ya yi haya da kansa. Ba ya cire komai daga kuɗin masu karatu. Idan kana so su riƙe maka shafin, kuɗin haya za ka riƙa biya duk wata, ko ka samu ciniki ko ba ka samu ba. Beehiiv, wanda wasu tsofaffin ma'aikatan wasiƙar Morning Brew suka kafa a 2021, shi ma kuɗin wata yake karɓa daga waɗanda suka girma, yana kuma haɗa marubuta da masu talla.

Ashe dai iri biyu ne. Akwai mai karɓar kuɗin haya, akwai mai karɓar la'ada. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, domin za mu dawo kansa.

Rikicin ƙarshen 2023

A watan Nuwamba na 2023 ɗan jarida Jonathan Katz ya buga wani bincike a mujallar The Atlantic, inda ya nuna cewa akwai wasiƙu a Substack da ke yaɗa aƙidar fifikon farar fata da ƙiyayyar Yahudawa, wasu ma da tambarin 'yan Nazi ƙarara a jikinsu, kuma wasu daga cikinsu suna karɓar kuɗi daga masu karatu. Ma'anar wannan ita ce kamfanin yana samun la'adarsa daga gare su. A watan Disamba marubuta fiye da 200 da ke amfani da dandalin suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa suna neman shugabannin kamfanin su bayyana matsayinsu. Hamish McKenzie ya amsa da cewa su ma ba sa ƙaunar 'yan Nazi, amma a ganinsu korar irin waɗannan mutane ko hana su karɓar kuɗi ba ya kawar da matsalar, sai ma ya ƙara mata ƙarfi. A watan Janairu na 2024 kamfanin ya cire wasiƙu biyar da ya ce sun karya ƙa'idarsa ta hana tunzura mutane su yi tashin hankali, amma bai sauya manufarsa ba. A cikin wannan watan ne Casey Newton, mai wasiƙar Platformer wadda ke bin diddigin kamfanonin fasaha, ya kwashe kayansa ya koma Ghost. Wasu marubutan suka bi sahu, wasu da yawa kuma suka zauna.

To, waɗanda suka zauna sun yi laifi ne? Waɗanda suka tashi sun wanke hannunsu ke nan? Amsar ba ta da sauƙi, kuma duk wanda ya ce tana da sauƙi bai saurari ɗaya ɓangaren ba.

Hujjar masu cewa a bar kowa

Masu goyon bayan kamfanin suna da hujja mai ƙarfi, kuma tsohuwa ce. Tun 1859 John Stuart Mill ya yi bayani a littafinsa kan 'yanci cewa toshe bakin mai ra'ayi asara ce ga al'umma, domin idan gaskiya ya faɗa an rasa ta, idan kuma ƙarya ce an rasa damar ƙaryata ta a bainar jama'a. Ban da haka akwai tambayar wa zai riƙe almakashin. Yau idan aka ba wani kamfani a San Faransisko ikon tantance ra'ayin da ya halatta, gobe wa zai hana shi amfani da wannan iko a kan wani daban? Mu da muke baƙi a waɗannan ƙasashe, yawancinmu Musulmi, dukkanmu baƙar fata, mun san cewa ra'ayinmu kan wasu batutuwa na duniya ba shi ne ra'ayin masu iko ba. Dandalin da ke saurin kora, mai rauni yake fara kora.

Kuma mu Hausawa muna da namu tarihin a kan wannan. Adabin kasuwar Kano da ya taso a shekarun 1980 ya taso ne domin marubuta, mata da yawa a cikinsu, sun daina jiran kamfanonin ɗab'i, suka riƙa buga littattafansu da kuɗinsu suna kai wa 'yan kasuwa. Bayan an kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i ta jihar Kano a 2001, kowa ya ga irin takun saƙar da aka yi tsakaninta da marubuta, musamman daga 2007. A wani fagen kuma, gwamnatin Nijeriya ta rufe Twitter daga watan Yuni na 2021 har zuwa Janairu na 2022. Saboda haka idan Bahaushe marubuci ya ji ana kiran a kori wasu daga dandali, ya ɗan yi jim kafin ya ɗaga hannu, ba zan zarge shi da son 'yan Nazi ba. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Amma hujjar tana da iyaka, kuma shi kansa Mill ya san da iyakar. Ya kawo misalin cewa a rubuta a jarida cewa masu sayar da hatsi suna kashe talakawa da yunwa abu ne da ya kamata a bari, amma a faɗi wannan magana ga taron fusatattun mutane a ƙofar gidan mai hatsin abu ne da ya cancanci hukunci. Magana ɗaya ce, wuri da yanayi ne suka bambanta. Karl Popper ma a 1945 ya ja hankali cewa al'ummar da ta yi haƙuri marar iyaka da maƙiya haƙuri, ƙarshenta haƙurin ne zai mutu. Tarihi kuma ya ba da shaida. Julius Streicher, mai jaridar Der Stürmer a Jamus, bai jagoranci rundunar yaƙi ba, amma kotun Nuremberg ta yanke masa hukuncin kisa a 1946 saboda abin da ya daɗe yana bugawa a kan Yahudawa. A 2003 kotun duniya kan kisan ƙare dangi na Ruwanda ta sami wasu mutum uku da laifi saboda rawar da gidan rediyon RTLM da jaridar Kangura suka taka. Mu 'yan Afirka ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani kan yadda alƙalami da makirufo ke wasa wuƙa.

Mai haya ne ko dillali?

Abin da ya fi taimaka mini wajen warware wannan ƙulli shi ne tsarin kasuwancinmu na gargajiya. 'Yan uwa da suka fito daga zangunan Gana, ko Sabon Ibadan, sun san matsayin maigida a fataucin goro da shanu. Baƙon falke zai zo gari, maigida ya sauke shi, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye ta hannun dillalansa, ya tsaya masa idan an ɗauki kaya bashi, sannan a fitar da la'ada. Saboda yana cin la'ada kuma shi ne ya haɗa cinikin, idan baƙonsa ya kawo shanun sata ba zai ce babu ruwansa ba, kuma kasuwa ba za ta yarda ya faɗi haka ba. Wannan ya sha bamban da mutumin da ya gina rumfuna ya ba da haya, wanda bai san mai saye ba, bai haɗa kowa da kowa ba. Shi ma yana da nasa alhakin, amma bai kai na maigida ba.

To, a wane sahu za mu sa dandalin wasiƙa? Idan aikinsa kawai ya karɓi rubutunka ya kai wa waɗanda suka nema, to ya fi kama da mai haya, ko ma gidan waya. Babu mai zargin gidan waya kan abin da ke cikin ambulan. Amma Substack ya wuce nan. A 2022 ya fito da manhajarsa ta waya da tsarin da wasiƙa ke tallata wasiƙa ga sababbin masu rajista. A 2023 ya buɗe Notes, wani fili mai kama da Twitter inda ake nuna wa mai karatu rubutun mutanen da bai taɓa nema ba. Wanda ke kamo hannun mai saye ya kai shi rumfa, sannan ya ci kashi 10 cikin 100, wannan dillali ne ko da bai yarda da sunan ba. A watan Yuli na 2025 ma an ga inda wannan ke kaiwa, lokacin da manhajar kamfanin ta aika wa wasu mutane sanarwar da ke tallata wata wasiƙa mai ɗauke da tambarin 'yan Nazi. Kamfanin ya ba da haƙuri ya ce kuskuren na'ura ne. Ko da kuskure ne, na'urar da ba a gina ta don talla ba, ba za ta yi kuskuren talla ba.

Daga nan sai na ce 'yancin faɗin albarkacin baki abu ɗaya ne, haƙƙin a tallata ka a kuma raba riba da kai wani abu ne daban. Ana iya ƙin toshe bakin mutum, a kuma ƙi zama dillalinsa. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

Ina rabon marubuci a cikin alhakin?

Wannan duk a kan kamfani ne. Shi kuma marubucin da ke rubutu kan noman rani ko waƙoƙin Hausa, wanda bai taɓa ko karanta waɗancan wasiƙu ba, mene ne nasa a ciki? A ganina alhakinsa yana hawa da sauka gwargwadon abubuwa uku.

Na farko, kuɗi. Wanda ke bayar da wasiƙarsa kyauta ba ya zuba wa kamfanin komai a aljihu kai tsaye. Wadda muka yi lissafinta a sama kuwa dala 3,000 take ba su duk shekara, saboda haka tana da haƙƙin ta tambayi abin da ake ginawa da kuɗinta, kuma tambayar ta hau kanta.

Na biyu, mutane. Kowane marubuci da ya shiga dandali da masu karatunsa yake shiga. Idan na ce wa ƙanwata ko malamina su sauke wata manhaja domin su karanta ni, ni ne na buɗe musu ƙofar, kuma duk abin da manhajar za ta nuna musu bayan sun gama da nawa, ta sanadina suka gani. Suna ma jari ne. Kasancewar marubutan kirki a wuri shi ke sa wurin ya yi kwarjini, kuma wannan kwarjini kowa ke sha daga gare shi, har da waɗanda ba na kirki ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, amma shi ma maɗaukin kanwar yana amfana da zama kusa da mai farar riga.

Na uku, iko. Ba a ɗora wa mutum abin da ba zai iya ba. Casey Newton yana da dubban masu biya da ma'aikata, tashinsa ya yi ƙara har jaridu suka ɗauka. Ɗalibin da ke da masu karatu tamanin, wanda kuɗin makaranta da na ɗaki suka sha masa kai, idan aka ce lallai sai ya biya hayar dandali duk wata kafin a kira shi mutumin kirki, an mayar da ɗabi'a kayan masu kuɗi. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Akwai kuma abin da masu tashi ya kamata su tuna. Babu wuri mai tsarki a intanet. Manhajar Ghost a buɗe take, mugu ma yana iya ɗauka ya girka. Sabar da za ka yi haya, da kamfanin da zai karɓar maka kuɗi, da wanda zai sayar maka da sunan shafi, duk suna hulɗa da mutanen da ba za ka so ka zauna da su ba. Wanda ya ce sai ya sami dandalin da babu ko ɗigon datti, rubutun ne zai bari gaba ɗaya. Abin da ake nema shi ne rage kusanci da ɓarna gwargwadon hali. Masanin tattalin arziki Albert Hirschman ya nuna a 1970 cewa wanda bai gamsu da wata ƙungiya ko kamfani ba yana da hanyoyi biyu, ya fita ko ya yi magana, kuma maganar tana da nauyi ne idan an san mai yin ta zai iya fita. Saboda haka wanda ya zauna yana faɗin gaskiya, kayansa a ɗaure, ban ga laifinsa ba. Wanda na ga ya gaza shi ne wanda ya sani, yana da hali, yana cin riba, ya kuma yi gum.

Amanar adireshi

Abu na biyu ya fi kusa da mu fiye da rikicin 'yan Nazi, amma ba a cika maganarsa ba. Duk wanda ya yi rajista da wasiƙarka ya ba ka adireshinsa na imel. Yawancin dandalan nan suna nuna wa marubuci wanda ya buɗe wasiƙa da wanda bai buɗe ba, da mahaɗin da kowa ya latsa. Idan kana rubutu kan siyasar gida, ko rashin haihuwa, ko ciwon damuwa, jerin sunayen masu karatunka sirri ne babba. A harshen 'yan kasuwar intanet ana kiran wannan jeri kadarar marubuci. Ni ajiya nake kiransa, domin don abu ɗaya aka ba ka shi, wato ka aiko da rubutu.

Doka ma ta san da haka. Tun 2018 dokar kare bayanan jama'a ta Tarayyar Turai ta fara aiki, Birtaniya tana da irinta, Nijeriya kuma ta yi tata a 2023. Jigonsu ɗaya ne: kada a yi amfani da bayanan mutum a abin da bai sani ba, kuma a ba shi hanyar ficewa. Amma tun kafin doka, tarbiyyarmu ta hana. Mu ɗalibai muna da jerin adireshin 'yan ƙungiya, da na 'yan ajinmu, da na mutanen masallaci. Kwashe waɗannan a zuba cikin wasiƙa ba tare da izinin masu su ba cin amana ne, ko da rubutun wa'azi ne. Haka kuma wajen zaɓen dandali, wajibi ne ka tambaya: me kamfanin ke yi da adireshin mutanena? Zai riƙa aika musu saƙonnin da ban sani ba? Idan na tashi, zai bar ni in tafi da su?

A kan wannan tambaya ta ƙarshe, a yi wa Substack adalci, yana barin marubuci ya sauke jerin adireshin masu rajistarsa ya tafi da shi, kuma asusun Stripe na marubucin ne. Da haka ne ma waɗanda suka tashi a 2024 suka iya tashi. Sai dai waɗanda ke bin ka a cikin manhaja kawai, ba tare da sun yi rajista da imel ba, ba za ka iya tafiya da su ba. Duk lokacin da irin waɗannan suka fi yawa a cikin masu karatunka, ƙofar fita tana ƙara ƙanƙancewa ba tare da ka lura ba.

Dandali ma yana mutuwa

Abu na uku shi ne zaman kai. Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma tarihin intanet cike yake da shaidar haka. Twitter ya sayi dandalin wasiƙa mai suna Revue a watan Janairu na 2021, ya rufe shi a Janairu na 2023, 'yan watanni bayan Elon Musk ya sayi kamfanin. Facebook ya buɗe nasa mai suna Bulletin a 2021, bai cika shekara biyu ba aka rufe. TinyLetter, wanda ƙananan marubuta suka daɗe suna ƙauna saboda sauƙinsa, Mailchimp ya rufe shi a watan Fabrairu na 2024. Yahoo Groups, inda Hausawan gida da na waje suka yi shekaru suna muhawara kan adabi da finafinai da siyasa, an rufe shi a Disamba na 2020, kuma an riga an share abin da ke ajiye a cikinsa tun kafin nan. A gida Nijeriya, OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama ke sayar da littattafansu, ya rufe a watan Nuwamba na 2023.

Darasin a nan na ɗabi'a ne kamar yadda yake na dabara. Wanda ya karɓi kuɗin shekara daga mai karatu ya ɗauki alkawarin wata goma sha biyu. Idan ya gina wannan alkawari a kan wurin da ba zai iya fita da kayansa ba, ya yi caca da haƙƙin wasu. Kuma ga harshe irin namu, wanda rubutunsa a intanet bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da yawan masu magana da shi, kowace maƙala da ta ɓace asara ce ga jama'a gaba ɗaya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, har yau masu bincike suna samun tsofaffin fitowarta a ɗakunan ajiye tarihi, alhali rubutun da aka yi a intanet shekara ashirin da suka wuce wani ya ɓace babu ko alama. Ajiye kwafen rubutunka da jerin masu karatunka a wurin da kai ke da iko da shi, da mallakar sunan shafi naka na kanka idan da hali, wani ɓangare ne na cika alkawari.

Akwai wata gaskiya kuma da ta shafe mu mu ɗalibai musamman. A nan Birtaniya bizar ɗalibi ta hana sana'ar kai, duk da cewa ta yarda ɗalibin digiri ya yi aikin albashi na sa'o'i 20 a mako lokacin zangon karatu. A Amurka ma bizar ɗalibi tana da tsauraran sharuɗɗa kan aiki a wajen makaranta. Karɓar kuɗi daga masu karatu na iya shiga cikin abin da aka hana. Saboda haka kafin kowa ya kunna maɓallin biya, ya je ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje na jami'arsa ya tambaya. Mun sa hannu a kan waɗannan sharuɗɗa kafin mu shigo, kuma cika su yana cikin mutuncinmu. Sannan a tuna da masu karatu na gida. Dala 5 a wata abin shan shayi ne a Landan, amma a Kano ko Damagaram ko Tamale kuɗi ne na gaske, kuma ba kowa ke da katin da zai biya da kuɗin waje ba. Wanda ke rubutu da Hausa ya kulle shi da dala, ya kulle shi ne daga mafi yawan masu harshen.

Kammalawa

Ba zan ce wa kowa ga dandalin da zai kama ba, domin halinmu ba ɗaya ba ne. Amma zan faɗi inda na tsaya. Zaɓen dandali zaɓen abokin ciniki ne, kuma ana tambayar mutum game da abokin cinikinsa gwargwadon abin da ya sani, da abin da yake samu, da abin da zai iya. Mai farawa, wanda ke bayarwa kyauta, ya kama inda ya sawwaƙa masa, da sharaɗin ya tabbatar zai iya fita da rubutunsa da adireshin mutanensa, ya kuma riƙa sauke su lokaci zuwa lokaci. Wanda Allah ya buɗa masa har la'adar da ake cira daga gare shi ta fi ƙarfin kuɗin haya a wani wuri, uzurinsa ya ragu, domin a lokacin aljihunsa da lamirinsa hanya ɗaya suke nuna masa. Idan ya zaɓi zama, to ya zauna da baki, ya faɗa wa masu karatunsa dalilinsa, ya kuma faɗa wa kamfanin abin da bai yarda da shi ba.

Abu na ƙarshe, mu da ke rubutu da Hausa kada mu sa ran wani ma'aikaci a Kalifoniya zai tace mana abin da muke bugawa. A 2018 Facebook da kansa ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen hana amfani da shi a tunzura rikici a ƙasar Myanmar, kuma ƙarancin masu jin harshen ƙasar a cikin masu sa ido na daga cikin abin da aka yi ta nunawa. Idan wani ya rubuta ƙiyayyar wata ƙabila ko wani addini da Hausa, zai yi wuya na'urarsu ta gane da wuri. Ke nan editan da muka gudu daga gare shi, aikinsa ya dawo kanmu. Tantance labari kafin a aika, da gyara kuskure a fili, da kame alƙalami daga mutuncin mutane, babu dandalin da zai yi mana su. Ina fatan 'yan uwa da ke da wani ra'ayi daban za su aiko wa wannan mujalla da nasu, domin a ƙaru da juna. Allah ya sa alƙalumanmu su zama masu amfani, ya ba mu sa'ar abin da muka fito nema, ya mayar da mu gida lafiya.